Ciwon ɓarin kai mai tsanani: yaushe ake kai mutum sashen gaggawa, kuma me ya kamata a yi masa a can?

Magidanci daga Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, da kuma duk wanda ya san wannan lalura a jikinsa ko a gidansa.

Mai ɗakina tana fama da ciwon ɓarin kai tun kafin aurenmu, kuma likita ya taɓa duba ta ya tabbatar mata cewa shi ne wanda ake kira migiren. Idan ya taso mata, ɓarin kanta na hagu ne ke bugawa kamar ana daka a turmi, ba ta son haske, ba ta son hayaniyar yara, kuma ko ƙanshin miya ta shaƙa sai zuciyarta ta tashi. A shekarun baya takan sha farasitamol ta shiga ɗaki ta rufe taga, idan ta samu barci sai ta wayi gari da sauƙi. Tun shigowar bazarar bana abin ya sake salo, domin yana zuwa mata a kai a kai, kuma yana daɗewa bai sake ta ba.

A makon jiya ya kama ta har ta kai ko ruwa ta kurɓa sai ta amayar da shi, maganin da ta haɗiya ma tare da aman yake dawowa. Da na ga idanunta sun faɗa, cikin dare na nemo adaidaita na kai ta wata cibiyar lafiya. An soki yatsanta an yi gwajin masassarar cizon sauro ba a samu komai ba, an auna tansiyo, wato hawan jini, an yi mata ƙarin ruwa, aka zuba wata allura a ciki wadda ban san sunanta ba, ta yi barci, da asuba aka sallame mu. Kafin magaribar ranar ciwon ya dawo sabo. Yanzu dangi kowa da tasa shawarar: wani ya ce a sayo mata tramol domin shi ne ke kashe kowane ciwo, wata ta ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho, wasu kuma suna cewa iska ce.

Abin da nake son sani shi ne, wane mataki ciwon zai kai kafin a ce lallai a tafi sashen gaggawa, ko kuwa ɓata kuɗi da wahala ne kawai tunda mun riga mun san sunan ciwon? Idan an je, wane magani ne ya dace a yi mata, kuma me ya sa ya dawo bayan an sallame mu? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Ma'aikacin jinya, Tudun Jamus, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba iyali lafiya, ya sa kaffara ne. Na daɗe ina aikin dare a ɓangaren gaggawa, kuma irin wannan lalura ba baƙuwa ba ce gare mu, saboda haka zan faɗi abin da na sani, tare da tunatarwa cewa likitan da ya duba ta da idonsa shi ne mai yanke hukunci.

Da farko, kai ta da ka yi a daren nan daidai ne, kuma ko kusa ba ɓata kuɗi ba ne. Tashin ciwon ɓarin kai na yau da kullum yana ɗaukar tsakanin awa 4 zuwa awa 72. Idan ya zarce kwana uku bai lafa ba, ko kuma amai ya hana magani da ruwa zama a ciki, to gida ya gaza, domin babu wata ƙwaya da za ta yi aiki alhali ba ta zauna ba. A wannan zafi namu na watan Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, mai amai yana bushewa da sauri, kuma bushewar jiki kanta tana ƙara rura ciwon kai.

Amma akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi, kuma shi nake so kowane mai karatu ya riƙe. Aikinmu na farko idan an kawo mai ciwon kai shi ne mu tabbatar ba wani ciwo mai kisa ba ne ya ɓuya a bayansa. Kasancewar mutum ya saba da ciwon ɓarin kai ba ya hana shi kamuwa da sanƙarau, ko masassara mai hawa kai, ko zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa. Haɗarin mai tsohon ciwo ma ya fi yawa ta wata fuska, saboda mutanen gida sukan ce ai ciwonta ne da ta saba, a bar ta ta kwanta. Don haka ko da awa ɗaya ne da fara ciwon, a tafi asibiti nan take idan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ya faɗo farat ɗaya ya kai matuƙar tsananinsa cikin minti guda, ko hannu ko ƙafa suka mutu, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko mutum ya rikice bai gane mutane ba, ko ya yi jijjiga. Haka nan idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko wani bugu a kai, ko ya fara a karon farko ga wanda ya haura shekara 50, ko kuma mace tana da juna biyu ko tana jego. Tambayar da nakan yi wa mai tsohon ciwo ita ce: wannan irin wanda kika saba ne, ko kuwa daban yake? Idan ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba, ba ma wasa da maganar.

Kada mu manta a wace ƙasa muke. Jihar Damagaram, wato Zinder, tana cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa a lokacin rani, daga hunturu zuwa faɗuwar damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu a jiharmu tsakanin farkon Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023, 18 daga cikinsu suka rasu. Shi ya sa za ka ga mun ɗora hannu a ƙeya mun lanƙwasa wuya, mun auna zafin jiki, mun soki yatsa don gwajin masassara, mun auna tansiyo. Idan likita ya yi shakka yakan nemi a ɗebo ruwan laka daga baya, ko a ɗauki hoton kai a sikana, kuma idan cibiyar da kuka je ba ta da halin yin haka za a tura ku babban asibitin ƙasa na Zinder. Wanda ciwonsa ya zo yadda ya saba kuma bincike na hannu bai nuna komai ba, galibi ba ya buƙatar sikana, kuma rashin ɗaukar hoton ba sakaci ba ne.

Yanzu ga maganar magani. Mutanenmu suna da imani mai ƙarfi da ƙarin ruwa, har idan ba a rataya leda ba sai a ga kamar ba a yi komai ba. Ruwan yana da amfani ga wanda amai ya busar, amma shi kaɗai ba ya kashe ciwon ɓarin kai. Abin da aka zuba a cikinsa ne ke yin aikin. Ɗaya daga cikin magungunan da aka fi dogaro da su a sashen gaggawa shi ne metoclopramide, wanda aka fi sani da Primpéran, miligiram 10 ta jijiya ga babban mutum. Jama'a sun san shi a matsayin maganin amai, amma bincike ya nuna yana kwantar da ciwon ɓarin kan ma, ba aman kaɗai ba. Akwai 'yan'uwansa irin su chlorpromazine da prochlorperazine da ke aiki ta hanya guda. Yawanci ana haɗa shi da maganin ciwo irin su diclofenac ko ketoprofen, ko farasitamol ta jijiya idan mutum yana da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Inda ake da allurar sumatriptan, ita ma magani ce da aka yi musamman domin wannan ciwo. Daga nan a nema wa mutum wuri mai ƙarancin haske da hayaniya, abin da na sani yana da wuya a ɗakin da ake shigo da masu haɗari, amma ko mayafi aka yafa a fuska yana ragewa.

Game da dawowar ciwon kuwa, wannan sanannen abu ne: mutane da yawa da aka sallama daga sashen gaggawa ciwon yakan dawo musu cikin kwana ɗaya zuwa uku. Allurar dexamethasone guda ɗaya kafin sallama tana rage yiwuwar dawowar, ko da yake ba ta kashe ciwon a take, kuma ba a maimaita ta barkatai saboda tana tayar da sukari tana kuma da wasu illoli idan ta yi yawa. Babu laifi ka tambayi likita cikin ladabi ko ta dace da ita. Ka kuma roƙi a rubuta muku a karnenta, wato littafinta na asibiti, sunan kowace allura da aka yi mata da adadinta, domin rashin sanin sunan allurar da ka ambata shi ne ke sa kowane zuwa ya zama kamar na farko.

Uwar gida daga Birni ta rubuta:

Sannu da ɗawainiya, Malam, Allah ya bar zumunci. Ni wannan ciwo tun ina budurwa nake tare da shi, mahaifiyata ma haka ta yi fama, kuma na ji daɗin yadda ka ɗauki abin da muhimmanci, domin mata da yawa ana ce musu raki ne ko gudun aikin gida. Likitan da ke duba ni ya taɓa gaya mini cewa kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da shi, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku, amma duk da haka sai ka ga mace tana tuƙa tuwo ido ɗaya a rufe don kada a ce ta cika ƙorafi.

Abin da ma'aikacin jinya ya faɗa game da Primpéran gaskiya ne, shi ne ke ceto na idan abin ya gagara, sai dai akwai abin da ya kamata mai ɗakinka ta sani tun kafin a yi mata. Wani dare an tura mini shi cikin jijiya da sauri, kuma kafin a cire sirinji na ji wani irin ƙunci da ban taɓa ji ba. Na kasa zama, na kasa kwanciya, ƙafafuna suna ta motsi da kansu, ina jin kamar in tsinke ledar ruwan in fita da gudu ba mayafi. Ƙanwata da ta raka ni ta fara karanto addu'o'i tana kuka, a zatonta aljanu ne suka taso. Daga baya aka bayyana mini cewa illar maganin ce idan ya shiga jini da gaggawa, kuma idan aka zuba shi a cikin ƙaramar leda ya sauka a hankali cikin kamar minti 15, da wuya hakan ta faru. Tun daga nan nake faɗa da bakina kafin a yi mini, kuma ban sake gamuwa da ita ba. An ce wasu, musamman matasa, wuyansu kan murɗe ko idanu su kafe sama, kuma akwai allurar da ke warware wannan cikin ɗan lokaci, don haka idan an ga haka a kira ma'aikaci maimakon a ɗauke mara lafiya a nufi gida.

Shawarata ta biyu ita ce takarda. Lokacin da ciwon ya kai maƙura ba na iya haɗa jimla biyu, kuma duk tambayar da aka yi mini sai ta zama mini azaba. Saboda haka na rubuta a shafin farko na karnena, da Faransanci da Hausa, cewa ina da migiren, ga magungunan da nake sha, ga wanda ya taɓa yi mini aiki, ga wanda ya ba ni matsala, kuma ba ni da juna biyu ko ina da shi. Mai rakiya sai ya ƙara faɗin lokacin da ciwon ya fara da abin da na riga na haɗiya a ranar. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan na sha farasitamol a gida aka sake ɗaura mini shi ta jijiya ba a sani ba, hanta ce za ta ji a jikinta. A tafi da 'yan kuɗi a hannu kuma, saboda sau da yawa takardar magani ake miƙa wa mai rakiya ya je ya sayo, kuma yana da kyau a san wane farmasi ne ke gadi a wannan makon kafin dare ya raba.

A kan abin da ke tayar da shi, kowa da nasa, amma ni nawa na san su: turaren wuta da humra mai ƙarfi a gidan biki, tafiya kasuwar Dole da rana tsaka, rashin barci, tsallake abinci, da kwanaki biyu kafin al'ada. Maigidana yakan yi ciwon kai idan bai sha shayi ba, ni kuma idan na sha ya wuce ƙima. Da azumi nakan cika ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, kuma ranar da ya kama ni har ina amai na tambayi malamai suka tabbatar mini cewa mara lafiya yana da rangwamen ya sha ya rama. Ka saya mata ƙaramin littafi ta riƙa sa alama a duk ranar da kai ya yi ciwo da duk ranar da ta sha magani, za ku sha mamakin abin da zai nuna muku bayan wata biyu.

Mai harhaɗa magunguna, Sabon Gari, ya rubuta:

Malam, ina roƙonka da girman Allah kada ka saya mata tramol, wato tramadol. Kowa a garin nan ya ga abin da wannan ƙwaya ta yi wa samarinmu, kuma ban da jaraba, ba ta cikin magungunan da suka dace da ciwon ɓarin kai. Tramadol da danginsa irin su morphine suna rufe ciwon na ɗan lokaci, suna ƙara tashin zuciya, ciwon kuma ya fi saurin dawowa bayansu, sannan tramadol yana iya haddasa jijjiga idan ya yi yawa. Tun a 2016 ƙungiyar likitocin ciwon kai ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwo a sashen gaggawa, inda ta ce a guji fara magani da allurar morphine da makamantanta, a fara da irin waɗanda ɗan'uwa ma'aikacin jinya ya ambata. Maganin da ake tallansa a faranti cikin rana kuwa, babu mai iya ce maka ga abin da ke cikinsa ko ga ƙarfinsa.

Wata jimla a cikin tambayarka ce ta ja hankalina, inda ka ce ciwon yanzu yana zuwa a kai a kai. Zafi yana iya zama sanadi, amma akwai wani sanadin da nake gani kullum a farmasi, wato ciwon kai da yawan shan maganin ciwon kai ke haifarwa. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon sama da wata uku, maganin da kansa yana mayar da ciwon na kusan kullum. Ga magungunan da aka haɗa da kafeyin ko codeine, da tramadol, da sumatriptan, iyakar ta fi kusa, kwana 10 ne a wata. Mutum yana farkawa da nauyin kai, ya haɗiyi ƙwaya, ya samu sauƙi zuwa azahar, gobe ya sake, bai san ƙwayar ce ke riƙe da shi ba. Ka duba jakarta da kan madubinta ka ƙirga fankon katin magani, ba don tuhuma ba, don likita yana buƙatar wannan lissafi.

Abin da ke rage zuwa asibiti cikin dare shi ne a tare ciwon tun yana ƙarami. Da zarar ya fara, ciki yakan rage aiki, ƙwayar da aka sha a makare sai ta zauna ba ta narke ba har amai ya fito da ita. Shi ya sa ake so a sha cikakken adadi a awar farko, misali ibuprofen miligiram 400 ko asfirin miligiram 900 zuwa 1000 ga babban mutum da ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko juna biyu, tare da maganin amai idan likita ya rubuta. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini, a kuma lura cewa Doliprane da Efferalgan duk shi ne, suna ne kawai ya bambanta. Mai saurin amai tana iya amfani da na matsi ta dubura, wanda ba ruwansa da ciki. Sumatriptan na haɗiya, wanda ake sha miligiram 50 ko 100, ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021, sai dai ba kowane farmasi ke ajiye shi ba, kuma ba a ba mai ciwon zuciya, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa.

Idan littafin da uwar gida daga Birni ta ba da shawara ya nuna kwana huɗu ko fiye na ciwo a kowane wata, lokaci ya yi da za ku ga likita da rana, a natse, ku yi maganar rigakafi. Propranolol da amitriptyline tsofaffin magunguna ne masu sauƙin kuɗi da ake sha kullum don rage yawan tashin ciwon. Na farko bai dace da mai fuka ba, na biyu yana sa barci da bushewar baki don haka da dare ake shan sa, kuma dukansu suna buƙatar wata biyu zuwa uku kafin a ce sun yi aiki ko ba su yi ba. Mutane da yawa suna watsar da su bayan mako biyu su ce ba su ga komai ba. Akwai kuma valproate, wato Dépakine, wanda ke aiki amma yana nakasa ɗan tayi, saboda haka ba na macen da ke cikin shekarun haihuwa ba ne.

Dattijo daga Mirya ya rubuta:

Ɗana, Allah ya ba ta lafiya. Ƙaho ba baƙon abu ba ne, ya zo a hadisi ingantacce cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a kansa saboda ciwon ɓarin kai, kuma addu'a ba ta hana magani, magani ma ba ya hana addu'a. Abin da nake jan kunne a kai shi ne jinkiri. A wani ƙauye kusa da mu wata yarinya da aka san ta da ciwon kai ta kwanta da zazzaɓi cikin hunturu, aka tsaya ana hayaƙi ana jiran wanzami ya dawo daga cin kasuwa, kuma sai da wuyanta ya ƙage aka nemi mota. Sanƙarau ne; ta rayu, amma ba ta ƙara ji da kunnuwanta ba. Wadda take amai har idanunta suka faɗa ba a ƙara zubar mata da jini, asibiti ake kai ta. Idan ta warke kuka ga za a yi ƙahon, a tabbatar aska sabuwa ce ba a taɓa kowa da ita ba.

Magidanci daga Garin Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Na karanta mata dukkan amsoshin, mun kuma ƙirga, ya tabbata cewa a watan nan ranakun da ta sha magani sun fi waɗanda ba ta sha ba. Ta kuma gaya mini wani abu da ba ta taɓa faɗa wa likita ba don ba ta ɗauke shi komai ba: wani lokaci kafin ciwon ya fara takan ga wani zane mai walƙiya yana karkarwa a gefen ganinta, yana faɗaɗa, har ba ta iya ganin rabin fuskar mutum, sannan ya wuce ciwon ya biyo baya. Tun bayan yaye kuma tana shan ƙwayoyin tazarar haihuwa. Shin akwai alaƙa tsakanin waɗannan da tsanantar ciwon?

Ma'aikacin jinya, Tudun Jamus, ya sake amsawa:

Malam, madalla da ta faɗa, domin wannan bayani ya fi duk na baya gaggawa. Wannan walƙiya da take gani alama ce da ke riga ciwon zuwa ga wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu shi, kuma a ƙa'ida tana ɗaukar minti 5 zuwa 60 ta wuce. Ita kanta ba ta makantar da mutum. Matsalar ita ce macen da ke ganin wannan alama tana da ɗan ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estrojin, irin su Microgynon, suna ƙara wannan haɗari, shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a ba irinta su. Suna kuma iya sa ciwon ya yawaita ga wasu matan.

Ku ɗauki katin ƙwayoyin da take sha ku je wurin ungozoma ko likita gobe da safe, kada ku jira sai wani tashin ciwon, kuma ta faɗi maganar walƙiyar da bakinta kamar yadda ta faɗa maka. Idan masu estrojin ne za a canza mata zuwa hanyar da ba ta da shi, kamar Microlut, ko allurar wata uku, ko ashanar hannu, ko robar mahaifa, gwargwadon abin da kuka zaɓa. Ku yi maganar yawan shan maganin ciwo a zama guda, domin rage shi yana buƙatar tsari, kuma kwanakin farko ciwon kan ƙaru kafin ya lafa.

Idan nan gaba Allah ya ba ta juna biyu, ta sanar da mai awo tun ranar farko cewa tana da wannan ciwo. Mata da yawa suna samun sauƙinsa a watannin tsakiya da na ƙarshe, amma duk ciwon kai mai tsanani bayan ciki ya wuce mako 20, ko a makonnin farko na jego, musamman tare da kumburin fuska ko dishi-dishin gani, ana ɗaukar sa hawan jinin masu ciki ne har sai awo ya nuna ba shi ba ne, kuma a ranar ake zuwa asibiti. Haka nan ko yanzu, idan walƙiyar ta wuce awa guda ba ta gushe ba, ko ta zo da mutuwar hannu ko sarƙewar harshe, kada ku tsaya shan komai a gida, ku nufi sashen gaggawa na babban asibiti kai tsaye, ka kuma riƙe lokacin da alamar ta fara domin shi ne abin da likita zai fara tambayarka.